Yatsa Ko Linzami: Abin Da Ke Haɗa Ƴan Kasuwa Faɗa Da Kwamfutarsu

Shekarun baya in an ce ɗan kasuwa ya shirya, to ana nufin yana da littafin bashi, da bik, da ƴar na'urar lissafi mai aiki da hasken rana, sai kuma akwatin kuɗɗi a ƙarƙashin tebur. Yau duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko layin manyan shaguna na babbar kasuwar Yamai, zai tarar an ƙara wani abu a kan teburin, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, ko kuma ƙanwarta mai kama da allo wadda ake kira tablet. Da ita ake lissafin kayan da suka shigo sito da waɗanda suka fita, da ita ake rubuta rasit, da ita ake aika wa mai kaya na Dubai ko na Sin jerin abin da ake so, kuma masu fiton kaya da ita suke cika takardun duwan. Hajiyoyi masu atamfa da turare su ma ba a bar su baya ba, ko da yake sau da yawa ɗa ko ɗiya ne ke riƙe musu ita bayan an taso daga lakwal.

Mun lura kuma in ana hirar kwamfuta a bakin shago, ba a cika maganar girman ƙwaƙwalwarta ko saurinta ba. Ƙorafin kullum a kan wurin da hannu ke taɓawa yake: ɗan faifan nan mai santsi da ke ƙasan madannai, wanda ake shafawa da yatsa don a motsa kibiya, da kuma su kansu madannan. Masu gyara na ce wa faifan tirakfad. Mu a nan za mu kira shi faifan yatsa.

Faifan da ba ya son hannun mai aiki

Tun farko ba da faifai ake tuƙa kibiya ba. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ne ya nuna wa duniya linzamin kwamfuta a 1968, kuma Turawa suka sa masa sunan ɓera saboda wayar da ke bayansa mai kama da wutsiya. Da aka fara ƙera kwamfutar da ake ɗauka a jaka, sai aka rasa inda za a sa ɓeran, domin mai aiki a cikin jirgi ko mota ba shi da tebur. An gwada ƙwallo da ake murzawa da babban yatsa. A 1992 kamfanin IBM ya dasa wani ɗan jan tsinke a tsakiyar madannan kwamfutarsa ta ThinkPad, sannan a 1994 kamfanin Apple ya fito da faifan yatsa a kwamfutocinsa na PowerBook, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

Abin da ya kamata a sani shi ne, faifan nan ba nauyin yatsa yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai saƙar siraran wayoyi masu ɗauke da ƴar wutar lantarki, kuma jikin ɗan Adam na ɗaukar wuta, saboda haka in yatsa ya sauka, sai wutar wurin ta ɗan canza, na'urar ta gane inda yatsan yake. Shi ya sa in kuka shafa shi da murfin bik ko da dogon farce ba ya motsi. Shi ya sa kuma ruwa ke rikita shi, domin ruwa ma na ɗaukar wuta, ɗigon gumi guda kan iya zame masa tamkar yatsa na biyu. To ku duba hannun ɗan kasuwa a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga shi yanzu ya gama alwala, ko ya ɗauki ruwan leda mai sanyi. Ku duba hannun mai sai da kifi ko mai auna man gyaɗa. In hunturu ya shigo kuma sai matsalar ta juya, fata ta bushe ƙamas, wanda tafinsa ya yi kanta da ɗaukar buhu sai ya shafa sau biyu sau uku kafin kibiya ta amsa. Lalle dai, ga hajiyoyin da ke tambaya, ba ya hana faifan aiki, in dai ya bushe an wanke hannu.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan ɓarnar tafin hannu. Faifan yana daidai inda gindin babban yatsa ke hutawa in ana rubutu. Mutum na cikin cika layin bashin wani, idonsa na kan madannai, sai tafinsa ya goga faifan, kibiya ta yi tsalle zuwa wani layi, shi kuwa bai sani ba ya ci gaba da bugawa. In aka yi sa'a ya gani nan take. In ba a yi sa'a ba, jikka hamsin ɗin da ake bin mai shagon Tasawa ta koma kan sunan wani na Madawa, kuma ba za a gano ba sai ranar biya, a lokacin da kowa ya riga ya rantse. A littafin takarda in an soke lamba ana ganin tabon sukar. A cikin Excel sabuwar lamba tana hawa kan tsohuwa ta shafe ta, babu ko alama. Wannan ne ya sa muke ganin maganar faifan yatsa ba maganar yara masu wasa da na'ura ba ce, magana ce ta amana tsakanin mai shago da abokan cinikinsa.

Sababbin faifai sun ƙara wani salo, wai suna gane yatsu biyu da uku. Yatsu biyu in sun ja ƙasa shafi ya gangara, in sun buɗe rubutu ya ƙara girma, uku kuma su kawar da duk abin da ke kan gilashi. Wanda ya koya yana jin daɗin abin. Wanda bai koya ba kuwa sai ya ga lissafinsa ya ƙanƙance kamar ƙwayar gero, ko ya ɓace gaba ɗaya, hankalinsa ya tashi, alhali yana nan a ɓoye.

Akwai wasu abubuwa biyu da masu gyara suka sani, amma ba kullum suke faɗa wa mai kaya ba. Na farko, in kun ga kibiya na rawa ita kaɗai duk lokacin da aka jona kwamfuta da wuta, in an zare kuma ta natsu, to ba faifan ne ya lalace ba, caja ce. Cajar jabu, ko wutar janareto da ba ta da tsabta, tana shigar da hargitsi cikin ƴar wutar da faifan ke aunawa. Na biyu ya fi haɗari. A kwamfutoci da yawa batir yana kwance ne daidai ƙarƙashin faifan, kuma batirin da ya tsufa ko ya sha zafi yakan kumbura, ya turo faifan sama har ya daina dannuwa. Duk wanda ya ga faifansa ya ɗago kamar burodi ya tashi, kada ya danne shi da ƙarfi, kada kuma ya ci gaba da caji, domin irin wannan batir yana iya kamawa da wuta, kuma kowa ya san abin da gobara ke nufi a kasuwanninmu. A kai a canza batirin.

Wani lokaci kuma ba abin da ya lalace ko kaɗan. Wasu tsofaffin kwamfutocin HP in aka taɓa kusurwar hagu ta saman faifan sau biyu, sai ya kashe kansa, wata ƴar fitila ta kama. A wasu kuma maɓallin Fn ne haɗe da ɗaya daga na jerin sama ke kashe shi. Mutane da dama sun biya kuɗɗin gyara a kan wannan.

In ra'ayinmu ake tambaya, wanda ke zaune a shago yana lissafi ya sayi linzami mai waya ya huta. Mai waya muka ce, domin marar waya yana cin batir, kuma ɗan abin da ake soka masa a jikin kwamfuta bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, ranar da ya faɗa cikin buhun shinkafa shi ke nan. A cikin Windows akwai wurin da ake umurtar faifan ya yi barci da zarar an jona linzami, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe rigimar tafin hannu. In kuwa dole sai faifai, mun fi son tsohon yayi mai maɓallai biyu na zahiri a ƙasansa, wanda in ka danna ka ji ƙas, a kan na zamani da aka mayar da shi falle guda, ba ka sanin inda dama ta ƙare hagu ta fara. Jan tsinken ThinkPad, wanda kamfanin Lenovo na ƙasar Sin ya gada bayan ya sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005, yana da masoyansa, kuma suna da hujja, tun da shi turawa yake ji, ba ruwansa da gumi. Sai dai koyonsa kamar koyon keke ne, sai an yi haƙurin ƴan kwanaki.

Madannan Faransa, madannan Ingilishi

Nan ne matsalar ta zama tamu ta musamman, mu da ke zaune tsakanin Faransanci da Ingilishi. Jerin haruffan da ke kan madannai gado ne daga keken rubutu. Na Ingilishi, wanda layinsa na sama ya fara da QWERTY, ya samo asali daga keken da Christopher Sholes ya tsara, kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874. Faransawa suka sauya shi ya dace da su, nasu ya fara da AZERTY. Wanda ya yi lakwal a Nijar, ko ya koyi kwamfuta a gidajen intanet na shekarun 2000, da AZERTY hannunsa ya saba. Amma kwamfutocin hannu da ke cika kasuwa ba daga Faransa kaɗai suke zuwa ba. Wadda ta biyo ta titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano, ko ta Ikeja a Legas, QWERTY ce. Ta Dubai QWERTY ce haɗe da baƙaƙen Larabci. Mai sayarwa kuma, don ya faranta wa mai saye, sai ya zuba mata Windows na Faransanci, ya bar madannan yadda suke.

Daga nan abin da ke rubuce a kan maɓalli da abin da ke fita a gilashi sun raba hanya. A ya koma Q, W ya koma Z, M kuwa ya zama waƙafi. Mai hatsi ya buga wake, ya ga zqke. Ya buga masara, ya ga ,qsqrq. Hausa kuwa harshe ne da kusan babu kalmar da ba ta da A a ciki. Lambobi sun fi muni, domin a tsarin Faransa jerin sama ba lambobi yake bayarwa kai tsaye ba, sai an danne Shift. Ka buga 25000 a gaban mai kaya, abin da zai fito shi ne é(ààà. Ko da madannan AZERTY na gaske ne, wannan dannewar ta Shift ga kowace lamba azaba ce ga wanda aikinsa duka lamba ne. Wasu kan kunna maɓallin manyan baƙaƙe su bar shi, lambobi su fito, amma sai waƙafi ya koma alamar tambaya. Alamar @ ta adireshin wasiƙa ita ma wuri uku take ɓuya, na Faransa daban, na Amurka daban, na Ingila daban.

Akwai tarko guda da ya kamata kowa ya sani. Ctrl da Z shi ne ke dawo da abin da aka goge bisa kuskure, kuma shi ne babban abokin mai lissafi. To a kwamfutar da madannanta da tsarinta suka saɓa, in ka danna inda aka rubuta Z, W na'urar ke ji, Ctrl da W kuwa umurni ne na rufe takardar. Ka je neman gyara, ka rufe aikin gaba ɗaya, in kuma cikin ruɗewa ka amsa tambayar da ta biyo baya ba daidai ba, lissafin yinin ya tafi. Haka nan kalmar sirri, da yake ba a ganin abin da ake bugawa, mutum ya yi ta bugawa daidai ana ce masa kuskure ne, har a kulle masa asusu. Sau da yawa ma tsarin biyu duk suna cikin kwamfutar, hannu ne ya haɗa Alt da Shift ba da niyya ba, ya sauya daga wannan zuwa wancan. Sake danna su kan mayar da shi.

Maganin wannan ba ya cin ko dala: a sa tsarin da ke cikin Windows ya dace da abin da ke rubuce kan maɓallai, a goge ɗayan. Takardun mannawa da ake saidawa don a canza fuskar maɓallai suna aiki, amma zafi da gumi na ɓamɓare su cikin ƴan watanni. Wanda kuma zai sayi kwamfuta don lissafi ya nemi babba, mai inci 15 da wani abu, domin yawancinsu na da rukunin lambobi daban a hannun dama, kamar na'urar lissafi, kuma wannan rukunin bai san rigimar Faransa da Ingila ba. Ƙanana ba su da shi, wasunsu ma sun ɓoye lambobin a cikin haruffa, in Num Lock ya kama sai J da K da L su koma 1 da 2 da 3.

Ko an daidaita maɓallai, saura waƙafi da ɗigo. A lissafin Faransa 1,500 ɗaya da rabi ne, a na Ingilishi dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Wanda ke karɓar jerin farashi daga Kano da naira, yana mayarwa sefa, ga kuma bakinsa na ƙirga da dala da jikka alhali na'ura tamma take so, to ya riƙa duba wannan da idonsa kafin ya yarda da jimilla.

Sai haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar. Babu su a kan AZERTY, babu su a kan QWERTY. Kaya da ƙaya ba ɗaya ba ne, haka baki da baƙi, amma a rasit da saƙonni duk an daidaita su. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, muna ganin lokaci ya yi da masu shigo da kwamfuta da masu koyar da ita za su san cewa Windows na da tsarin madannan Hausa a cikinsa, kunnawa kawai yake jira.

Tablet: daɗin kallo, wuyar rubutu

A nan kam gilashi ya yi wa maɓalli zarra. Madannan da ke fitowa a gilashin salula da tablet, irin su Gboard, suna da Hausa, in an zaɓe ta ana samun haruffan nan ba wahala. Tun da Apple ya fito da iPad a 2010, masu Android suka biyo da masu araha, tablet ta samu karɓuwa wajen mata ƴan kasuwa, kuma da dalili: ba ta da nauyi, tana daɗewa da caji ranar da aka ɗauke wuta, kuma wajen nuna wa mai saye hoton leshi ko kwanuka babu kamarta.

Rubutu ne dai ba ta iya ba. Da zarar madannan sun fito sun cinye rabin gilashi, layin da ake cikawa ya ɓuya a bayansu. Yatsa ba ya jin iyakar harafi da harafi. A madannai na zahiri akwai ƴan ƙuraje biyu a kan F da J, waɗanda ƙwararren mai bugu ke lalubawa ya san inda hannunsa yake ba tare da ya duba ba, ya ci gaba da magana da mai saye yana rubutu. A gilashi dole ido ya bar mai saye, ya bar kaya, a kasuwa kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma shisshigin na'urar, wadda in an bar ta a Faransanci take ɗaukar kowace kalmar Hausa kuskure ce, ta musanya ta da wadda ta ga dama, sunan mutum ma ba ta bari. A kashe wannan gyaran, ko a ƙara mata Hausa. Ba mamaki da yawan hajiyoyi suka yanke wahala suka koma saƙon murya, wanda WhatsApp ya shigo da shi a 2013. Sai dai saƙon murya ba ya tara jimilla, kuma neman bashin wata uku a cikin ɗaruruwan muryoyi aiki ne.

Madannan da ake haɗa wa tablet ta Bluetooth, masu zuwa cikin riga kamar bangon littafi, mun gwada su, ba su burge mu ba. An matse maɓallan don su yi daidai da faɗin tablet, yatsan babban mutum na danna biyu lokaci guda. Suna da nasu batir daban, wanda ke mutuwa ranar kasuwa. In an bar su ƴan mintoci sai su yi barci, harafin farko da aka buga ya tafi wajen tashinsu, in kuwa lamba ce, 75000 ta zama 5000. Rigimar AZERTY ma tana biyo su, domin a Android tsarin madannan waje daban ake saita shi da na gilashi. Sannan an yi su ne don tebur. Wanda ke zaune kan benci ko tabarma ya ɗora a cinya, nauyin duk yana sama, motsi kaɗan ta kife. Waɗanda ke mannewa da maganaɗisu su sha wuta daga jikin tablet, irin na Surface da Microsoft ya fara a 2012 da na wasu iPad, sun fi natsuwa, amma kuɗɗinsu kaɗai kan sayi kwamfutar hannu mai kyau. Abin dariya ma, a 2020 Apple ya ƙara wa madannan iPad faifan yatsa, wato an zagaya an dawo kan kwamfutar da aka ce an gudu daga gare ta.

Ƙura kuwa ba ta bar kowa ba. A 2015 Apple ya fito da wasu siraran madannai a kwamfutocinsa na MacBook, waɗanda ɗan ƙwayar ƙasa in ya shiga ƙarƙashin maɓalli sai ya maƙale ko ya riƙa buga harafi biyu. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya fara janye su a 2019, a 2022 kuma ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 50 ga waɗanda suka kai ƙara. A ƙasashen da ba su san hazo ba ke nan. Irin waɗannan kwamfutoci na shekarun 2015 zuwa 2019 suna cikin kayan hannu da ake kawowa, ga kyau ga sheƙi, kuma mai niyyar ajiye ɗaya a shagon siminti ko na gero ya yi tunani.

Wanda zai saya kada ya tsaya ga kunnawa da kallon hoton gilashi. Ya sa a buɗe masa farar takarda ya buga kowane harafi da kowace lamba ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko abin da ya danna shi ke fita. Ya rubuta layi uku da tafinsa a kwance yadda ya saba, ya ga ko kibiya za ta gudu. Ya gwada faifan da caja a jone, ya sake gwadawa an zare, da cajar da za a ba shi, ba ta mai shago ba. Sannan ya rufe kwamfutar ya ɗaga ta daidai idonsa ya duba ta gefe, in murfin bai kwanta daidai ba ko cikinta ya turo, batir ne, a rage masa kuɗɗin sabo tun kafin a yi sallama.